Bakinki Ne Zai Faɗa

Har ranar da Ubangiji ya kira ta gida, Amarya take ce min. Na haifi 'ya'ya shida, na aurar da ta fari, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina, amma in ta tsaya a ƙofar gida ta ɗaga murya ta ce, "Amarya, kina ciki?" kowa ya san da wa ake. Ni kuma Yaya nake ce mata. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba, ko dangin nesa babu. Ƙanwar rana ta ɗauke ni, yadda iyayenmu mata suke yi tun da: babba ta ga yarinya ta kwanta mata, sai ta aika mata da 'yar kyauta, in an karɓa zumunci ya ƙullu ke nan. Nata aiken ƙwaryar gyaɗa ce da sabulu guda, ina da sati biyu a ɗakin miji.

Ba zan kama sunanta ba. Tana da rai ma ba ta son a tsaya gaban jama'a ana yabonta, kuma 'ya'yanta suna nan. Mutanenmu na ƙasar Sumaila da suka zauna da ita za su gane ta tun kafin su kai rabi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar jana'izarta an ba da dama a yi shaida, mata suka yi ta tashi, wannan ta ce ita ta karɓi haihuwarta, waccan ta ce ita ta sasanta ta da mijinta. Ni da na fi kowa abin faɗa, na miƙe, bakina ya ƙi buɗuwa, na koma na zauna. Shaidar da na kasa bayarwa ran nan ce wannan.

Ni 'yar Maguzawa ce gaba da baya. Mahaifina har ya bar duniya bai taka coci ba, bai taka masallaci ba. In damina ta kusa, gindin tsamiyar bayan gida yake zuwa da zakara ya yi abin da ya gada. Ƙanensa ya musulunta tun muna yara. Mijina kuwa gidansu masu bi ne tun kakansa. Haka dangi suke a wajenmu, tsatso ɗaya rassa uku, kuma biki ko mutuwa tabarma ɗaya ake shimfiɗawa.

Lahadin farko da surukata ta kai ni sujada, na zauna can baya a ɓangaren mata, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Aka ce a buɗe littafin waƙoƙi, wata ta miƙo min guda. Na buɗe na riƙe yadda na ga kowa ya yi, ashe kansa a ƙasa yake. Matar da ke gefena ba ta kalle ni ba, ba ta kuma daina waƙa ba. Hannu kawai ta miƙo ta juya littafin a kan cinyata, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layin tana ja a hankali har aka kai Amin. Babu wadda ta lura. Yatsan nan har gobe ina ganinsa: farcen ya tsage, gefensa ya yi kanta saboda matsar ƙuli-ƙuli.

Ita ta koya min abacada. Da la'asar in mun gama surfe, sai ta share gindin darbejiyar tsakar gidanta, ta karyo tsinke, ta zana, in zana. In na yi kuskure ta shafe da tafin hannu ta ce, "Ƙasa ba ta ƙarewa, Amarya, sake." Mun yi wata bakwai kafin ta bar ni na taɓa Littafi Mai Tsarki nata. Na mahaifinta ne, tsohuwar fassarar nan da aka fara bugawa a 1932, baduku ya yi masa riga da jar fata, takardun sun yi laushi kamar tsumma. Mahaifin nata kuturta ce ta kama shi yana saurayi, dangi suka ware masa ƙwarya da bukka a bayan gari. Ya ji labarin asibitin kutare na Yadakunya, wanda mutanen Kano suka fi sani da Bela, lokacin Turawan mishan na SIM ne suke kula da shi, ya kama hanya a ƙasa. Bayan shekaru ya dawo, cuta ta tsaya, yatsu sun guntule, amma ya iya karatu kuma ya ba da gaskiya ga Yesu. Da dungun hannun nan yake bin layi yana karanta wa mutane a gindin bishiya, tun ba a gina ɗakin sujada ba, tun ikilisiyoyin SIM ba su haɗu sun zama ECWA a 1954 ba. Yaya takan ce, "Abin da ya sa mutane suka guji Baba, shi ya kai shi ƙofar rai."

Shi ya sa ba ta jin daɗi in an ji Hausa tsantsa a bakinmu, an ga zanen zumuntar matan coci a jikinmu, sai a ce, "Ku asali 'yan ina ne? Jos ko Kudancin Kaduna?" Wani ya yi mata wannan tambayar a mota, ranar da na raka ta asibitin ido na ECWA a Kano, wanda mishan suka buɗe tun 1943, za a cire mata yana. Ta ce, "Ɗana, kakan kakana a ƙasar Kano aka binne cibiyarsa. Hausawa ne mu, Masihiyawa." Ta ɓare gyaɗa ta miƙa masa.

A Zumuntar Mata ita ce mai tulu, babban tulun ƙasa da ake buga bakinsa da guntun soso. In ta sauke hannu, ko kina fadama kin san mata sun taru. A shekarata ta uku aka yi min baftisma a rafi, ita ta tsaya a bakin ruwa da busasshen zane. Shekaru suka tura, aka zo zaɓen shugabanni, ita ta ɗaga hannu ta ce a ba ni ma'aji, wai wadda ta koyi rubutu a ƙasa ba za ta yi wasa da takarda ba. Aka damƙa min littafin lissafi da gwangwanin madara da ake tara kuɗi a ciki. Shekara huɗu ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

A ranin 2016 maigidana ya ci bashi ya kama fili a Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga yake ba da noman rani, ya zuba tumatir. Shekarar ce tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta faɗa wa gonaki. Cikin 'yan kwanaki ganye ya bushe kamar an bi shi da wuta, 'ya'yan suka ruɓe a jikin uwa. Har kamfanin tumatir da aka buɗe a Kadawa a shekarar sai da ya tsaya don babu abin niƙawa. Ya dawo gida da buhun tufafinsa da bashi a wuya. Damina ta faɗi, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, rumbunmu ya kai ƙasa tun gero bai yi bununi ba. Ana cikin haka zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da autana, ɗan shekara uku, tafin hannunsa ya yi fari fat, aka ce sai an ƙara masa jini.

Da dare na buɗe gwangwanin. Naira 18,000 na ɗiba, kuɗin da mata suka tara don sayen zanen zumunta na taron gunduma. Na ce wa raina aro ne, bashi hanji ne yana cikin kowa, kaka na yi zan mayar. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ranar karanta lissafi ta riga kaka zuwa. Sai na cire shafin, na sake rubuta sabo, na mai da mata tara masu bashi alhali kowacce ta biya dubu biyunta. Kuma ban zaɓi kowa ba sai waɗanda na san ba su iya karatu ba. A cikinsu har da wata tsohuwa gwauruwa da muke kira Iya, mai sayar da daddawa, wadda ta biya nata da 'yan hamsin-hamsin da ashirin-ashirin, ta kwance su daga bakin zane a gabana. Rubutun da aka koya min kyauta, da shi na cuci waɗanda ba su samu ba.

Kafin a karanta lissafi Yaya ce take dubawa. Bayan an ci tuwon dare ta yi sallama, ta kife turmi ta zauna, littafin a hannunta. Ta ce, "Amarya, ranar da Iya ta biya ina zaune kusa da ke. Ni na taya ta ƙirga."

Na fashe da kuka na faɗa mata komai. Sai da na gama ta ce, "Yaron ya samu jinin?" Na ce ya samu. Ta ce, "To, mun gode wa Allah," ta tashi ta tafi. Ranar kasuwa na hango ta tana jan jar akuyarta, ita kaɗai gare ta, kuma da ciki. Da yamma ta shigo ta ajiye min ƙullin leda a cinya.

"Ga kuɗin mata, ki mayar gwangwani. Wannan tsakanina da ke ne. Amma sunan Iya da na sauran da kika rubuta, akuya ba ta goge shi. Bakinki ne zai faɗa."

Na ce, "Yaya, kin rufa min asiri, kuma ki ce in tona da kaina? Tunda kuɗi sun koma, in gyara shafin mana. Wa zai sani?"

Ta ce, "Ke za ki sani. Duk ranar da Iya ta gaishe ki za ki sani. Ni ba zan gaya wa kowa ba, ko Baba Fasto. In kin yi shiru har mutuwa ba za a ji a bakina ba. Amma ba zan ce miki daidai ne ba."

Na ji haushinta ƙwarai. Sati uku ina kauce mata. Na daina ɗiban ruwa a famfon tuƙa-tuƙa na unguwarsu, na koma rijiyar nesa. Ina ta ce wa raina, ai ba ita ta ga ɗanta yana numfashi sama-sama ba. Ita kuwa kullum da safe jikarta tana kawo wa yaron kunun gyaɗa a kofin silba, ba saƙo ba magana. Ranar Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da masu bi suke yi don tunawa da mutuwar Yesu, faranti ya iso gabana, na miƙa hannu, hannun ya ƙi. Na dawo gida na buɗe Littafi ko zan samu abin da zai kwantar min da hankali, sai na faɗa kan Zabura 32, inda Dawuda yake faɗin yadda jikinsa ya ƙare, ƙarfinsa ya bushe kamar da zafin bazara, duk tsawon lokacin da ya yi shiru bai furta laifinsa ba. Na rufe. Washegari Iya ta tare ni a hanya ta ce, "'Yar nan, ya mai jiki?" Ta tura min daddawa uku a hannu, ta ce a sa masa a miya bakinsa ya buɗe. Ban kai gida ba, gindin ɗorawa na zauna na yi ta kuka.

Ranar zumunta, bayan waƙa biyu, Uwar Zumunta ta ce ma'aji ta karanta lissafi. Na miƙe da littafin, gwiwoyina suna karo da juna. Yaya tana zaune da tulu tsakanin ƙafafunta. Da ta ga na buɗe baki na rufe har sau biyu, sai ta jingine tulun, ta taso ta tsaya a gefena, kafaɗarta tana taɓa tawa. Ba ta ce uffan ba. Na faɗi duka, nawa na ɗiba, me na yi da su, shafin da na cire. Na kira sunayen matan tara ɗaya bayan ɗaya, na ce sun biya, ni ce na yi musu ƙarya. Ɗaki ya yi tsit, sai kukan wani jariri. Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta ja tsaki, kuma tana da gaskiya. Sai Iya ta dogara sanda ta miƙe ta ce, "Yarinya, da kin zo kin ce yaro ba jini, ai ko zanen jikina ne sai in sayar. Me ya sa kika ɗauke mu bare?" Wannan tambayar ta fi min bulala zafi.

Aka karɓi littafi da gwangwani daga hannuna. Magana ta je gaban dattawan ikilisiya, suka sa ni ƙarƙashin horo wata uku: ba Jibi, ba waƙa a gaba, zama a bencin ƙarshe. Wanda ya tashi a cocin ƙauye ya san nauyin bencin nan, duk mai shigowa sai ya wuce ta gabanka. Lahadin farko na zo da wuri na zauna na sunkuyar da kai. Sai na ji an dire abu mai nauyi kusa da ƙafata. Tulu ne. Wata ukun nan cur daga bencin ƙarshe aka riƙa jin kiɗan zumunta. Wani dattijo ya yi mata magana, ta ce, "Baba, an hana ta zuwa gaba, ba a hana ni zuwa baya ba."

Sai da aka yi kaka biyu na iya sayen 'yar akuya ja, na ja ta har gidanta. Ta zagaya ta, ta buɗe bakinta ta duba haƙora, ta ce, "Na karɓa, bashi ya fita. Amma ba ni da mai yi min ciyawa, ki riƙe min kiwo." Tun daga nan duk haihuwar da ta yi, in na je na faɗa mata, sai ta ce a kai wa wance da mijinta ya rasu, ko a sayar a biya wa ɗan wane kuɗin jarrabawa. Ko ɗa guda bai kwana a gidanta ba.

Da sanyin ƙarshen 2022 na lura kiɗanta ya canza. Ta koma bugawa da hagu, tana cewa sanyi ne ya kama mata kafaɗa. Wata rana na faɗa ɗakinta ba sallama, na same ta ta kwance zane tana ɗaura dakakken ganye a kan mamanta na dama. Ashe fiye da shekara tana ɗauke da ƙullutu, tun yana kamar ƙwayar gurjiya ba ya ciwo, har ya fashe. Na ce, "Yaya! Ke?" Ta ce ta ga zamani ya yi tsanani, in ta faɗa ɗanta zai sayar da hatsin da yara za su ci, mata kuma za su ƙwaƙule abin da ba su da shi. Ta ce, "Ki rufa min asiri, Amarya."

Na durƙusa na ɗaura mata zanen, hannuna yana rawa. Na ce, "Gobe zan sayar da akuya mu tafi asibiti, wannan tsakanina da ke ne. Amma 'ya'yanki da matan zumunta, ba ni zan gaya musu ba. Me ya sa za ki ɗauke mu bare? Bakinki ne zai faɗa." Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe kin riƙe karatun." Ranar zumunta ta miƙe ta faɗa, ni kuma na tsaya a gefenta.

Abin ya zo mana a lokacin da ba shi da daɗi. Farkon 2023 ne, ana tsakiyar canjin kuɗi, tsofaffin takardun naira an ce a mayar banki, sababbin kuma babu su. Mata suka kawo abin da suke da shi, wannan tiya biyu ta gero, waccan kaza, wata wake, amma a kasuwa babu mai tsabar kuɗi, wanda ke da su kuma sai ya karya farashi yadda ya ga dama. Da haka muka haɗa na mota, muka bi ta Wudil muka shiga Kano. Likitan da ya duba ta sa'an ɗanta ne, mai ladabi. Aka ɗebi nama aka auna, da muka koma ya zaunar da mu ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Ya ce, "Mama, da tun yana ƙarami kuka zo." An sa mata maganin nan mai ƙarfi da ake haɗawa a ƙarin ruwa har sau uku, gashinta ya zube, ko ƙamshin miya ba ta so. Sai ga cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya ninka cikin 'yan kwanaki. A dawowarmu ta ƙarshe, muna kan gadar Wudil tana kallon ruwa, ta ce, "Amarya, na gode, amma kada ku sake kawo ni. Ku bar ni in ga damina a gida."

A nan kaɗai nake da ƙorafi a kanta, kuma na gaya mata tana da rai. Shirun shekara gudan nan bai kamata ba. Tausayinmu ne ya sa ta, na sani, amma hatsin da ta ji tsoron a sayar sai da aka sayar, ita ma kuma muka rasa ta. 'Yan'uwana mata, ƙullutun da ba ya ciwo shi ne mai yaudara, don ba ya hana ki daka, ba ya hana ki zuwa gona, sai ki ce ai ba komai. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, likitan ma ya faɗa, amma ba ke za ki bambance ba, ba kuma mai ganye ba. In kin ji wani abu a mama ko a hammata, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fitar da jini ko ruwa alhali ba kya shayarwa, ki faɗa a raka ki a duba.

Watannin ƙarshe a ɗakinta nake kwana. Hannunta ba ya iya riƙe littafi, sai ya zama ni nake karanta mata daga na mahaifinta. Hausar tsohuwar fassarar tana yi min nauyi a baki, na saba da sabuwa. Ido a rufe take gyara min, "Koma baya, kin tsallake kalma." Ta fi son Zabura 23 da Yohanna 14, wurin da Yesu ya ce a gidan Ubansa akwai wurin zama da yawa. In ciwon ya taso cikin dare har tana cizon zane, ba ta iya doguwar addu'a, sai dai "Yesu, ka riƙe ni," ta yi ta maimaitawa. Wani dare ta ce min tana jin tsoro. Ban taɓa zaton jin haka daga bakinta ba, na rasa abin cewa. Sai na kama yatsanta na ɗora a kan layi ina ja, muna karantawa tare har barci ya ɗauke ta.

Maƙwabciyarta Musulma, wadda katanga ɗaya ta raba su fiye da shekara 30, kullum bayan sallar asuba sai ta shigo da koko mai zafi. Tare muke juya ta, tare muke wanke gyambon. Da Babbar Sallah cinyar rago take aiko wa Yaya, Yaya kuma da Kirsimati sai ta kira mijin matar ya yanka mata kaji da hannunsa, don gidansu su ci shinkafar ba shakka a rai. In muna addu'a takan zauna a bakin ƙofa ta yi shiru, in mun gama ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa."

Ta ga daminar da ta roƙa. Ta cika da asuba, gero ya nuna a gona ana shirin yanka. Mutane suna tambayata ko ta bar wata babbar magana. Abu na ƙarshe da na ji sosai daga bakinta shi ne, "Geron gayaunata ya isa, kada ku bar wa tsuntsaye." Daga nan sai numfashi. Ladan yana kiran salla a tsallaken fadama, 'yarta tana riƙe da kanta, ni ina riƙe da ƙafafunta da suka yi sanyi, har ta yi barci cikin Ubangiji.

A ranar aka yi komai. Mu matan zumunta muka yi mata wanka, muka sa mata farar riga, muka rufa mata zanen zumunta. Kafinta ya haɗa akwati kafin azahar. Samarin da suka haƙa kabari, rabinsu daga masallaci suka fito suka ɗauki diga da shebur. Mutane suka zo daga garin Gani da ƙauyukan kewaye, a ƙafa, a babur, a bayan akori-kura, ɗakin sujada ya kasa ɗauka aka fito gindin bishiya. Mai unguwa ya zo da jama'arsa suka zauna gefe har aka gama. Baba Fasto ya karanta, "Ni ne tashin matattu, ni ne kuma rai," muryarsa ta karye, don shi ma a hannunta aka haifi 'ya'yansa biyu. Aka yi waƙa ba kiɗa, tulu yana jingine a kusurwa babu wadda ta iya kai masa hannu. Da aka fara zuba ƙasa mata suka ɗaga hannu suna cewa, "Sai mun sadu a ƙafafun Yesu." Maƙwabciyar nan ta rungume ni tana ce min sannu da haƙuri, ni ma ina ce mata. Bayan kwana uku muka yi gayya, muka yanke geron, muka ɗaure, muka kai rumbunta.

Da aka share makoki na ja akuyoyin gaba ɗaya na kai wa ɗanta, tunda gado ne. Ya ce, "Inna, ai Mama ta gaya mana. Ta ce kiwo ne, kada a karɓa, kin san inda ake kai su." Na dawo da su. Na sayi sabon littafi na rubuta a bangonsa, Akuyoyin Yaya. Duk wadda ta haihu, duk wanda aka sayar, nawa aka saya, wa aka ba, ina rubutawa, ƙarshen shekara kuma in nemi izinin Uwar Zumunta in karanta a gaban mata, ko da yake babu wadda ta ce in yi. Bara akuya biyu sun kai wata matar aure Kano aka duba mata ƙullutu, aka ce ba daji ba ne, aka cire, ta dawo tana goyon ɗanta. Ɗaya kuma ita ta biya kafinta da ya haɗa akwatin Iya. Shekaranjiya da dare jikar jar akuyar nan ta haifi biyu, mace da namiji. Na haska fitila na goge su da tsumma, na shiga ɗaki na ɗauko littafin na rubuta.